Tambaya da Amsa: Sarakunan Bourbon da Fadojin da Suka Gina

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karo sun taru ne a kan gidan sarautar Bourbon, wanda ya riƙe Faransa sama da shekara 200, kuma har yau shi ke kan gadon sarautar Sifaniya. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, masu tsawo kuma mun rage su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a sakandare. Littafin da muke koyarwa da shi ya ce Henri na 4 ne sarkin Faransa na farko daga gidan Bourbon, a 1589, daga nan ya yi shiru. Yaya aka yi mutumin da ubansa bai yi sarautar Faransa ba, kakansa ma bai yi ba, ya wayi gari shi ne magaji?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dokar gadon sarautar Faransa ce ta kai shi, wadda ake kira dokar Salic. Namiji kaɗai ke hawa, kuma ta wajen uba kaɗai ake lissafin jini. 'Yar sarki ba ta gado, ɗan da ta haifa ma ba ya samu ta wajenta. Idan maza suka ƙare a reshen da ke mulki, sai a koma baya a bi salsalar uba har a iske reshe mafi kusa mai namiji a raye.

Tushen gidan shi ne Robert na Clermont, autan 'ya'yan Sarki Louis na 9 maza. A 1272 ya auri Beatrice, magajiyar ƙasar Bourbon da ke tsakiyar Faransa, kuma a 1327 aka naɗa ɗansu Duke na Bourbon. Daga nan suka shafe kusan shekara 300 suna 'yan'uwan sarki na nesa. Sai ga 'ya'yan Henri na 2 na gidan Valois su uku sun hau ɗaya bayan ɗaya, François na 2 da Charles na 9 da Henri na 3, babu wanda ya bar ɗan halak namiji, ƙanensu kuma ya riga ya rasu a 1584. Da aka kashe Henri na 3 a 1589, sai lissafi ya faɗa kan Henri sarkin Navarre, wanda ke tsatso na goma daga Louis na 9.

Samun gado a takarda bai ba shi Faris ba. Kirista ne ɗan ɗarikar Furotesta, mutanen birnin kuwa 'yan Katolika ne, suka rufe masa ƙofa. Sai da ya yi shekaru yana yaƙi, ya koma Katolika a 1593, aka naɗa shi a Chartres a Fabrairun 1594 saboda Reims, inda aka saba naɗin, tana hannun abokan gaba. Wata mai zuwa ya shiga Faris. Mazauninsa fadar Louvre ce, kuma shi ya gina dogon zauren nan na bakin kogin Seine, sama da mita 400, don haɗa ta da fadar Tuileries. Ya kuma kashe kuɗi mai yawa a fadar Fontainebleau, inda aka haifi magajinsa Louis na 13 a 1601.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a jami'a. Na karanta cewa kishin gidan wani ministansa ne ya sa Louis na 14 ya gina fadar Versailles. Gaskiya ne?

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya, Malama, amma labarin ya fi haka tsawo. Ministan shi ne Nicolas Fouquet, mai kula da baitulmali, wanda ya shirya wa sarki gagarumar liyafa a sabon gidansa na Vaux-le-Vicomte ranar 17 ga Agusta 1661. Ranar 5 ga Satumba aka kama shi. Sarki ya kwashe gwanayen da suka yi masa aikin, wato Le Vau mai zanen gini, Le Brun mai zanen ado da Le Nôtre mai tsara lambu, ya kai su Versailles. Sai dai an riga an yanke shawarar kamun tun kafin liyafar, don haka kishi bai isa ya zama dalili shi kaɗai ba.

A ganinmu abin da ya fi nauyi shi ne abin da Louis ya gani yana yaro. Yana da shekara 4 ya hau gado a 1643. Daga 1648 zuwa 1653 aka yi tawayen da ake kira Fronde, inda alƙalan Faris da manyan masu sarauta, har da danginsa na jini, suka tayar wa gwamnati. Cikin wani dare na Janairun 1649 aka sulale da shi daga birnin zuwa fadar Saint-Germain. A lokacin ba a barin kaya a gidajen sarki: gadaje da labule da kujeru a keken doki suke bin fada duk inda ta nufa. Da yake gudu ne aka yi, fadawa da yawa kan ciyawa suka kwana. Bayan shekara biyu kuma jama'ar gari suka kutsa fadarsa ta Faris da dare don su tabbatar bai sake guduwa ba, suka wuce ta gaban gadonsa. Wanda ya tashi da irin wannan ba zai yarda da birnin ba.

Ga kuma matsi. Gidajen jama'a sun kewaye Louvre, babu filin faɗaɗawa, babu dajin farauta. A Versailles, kimanin kilomita 20 daga Faris, mahaifinsa ya bar ɗan gidan farauta da ya fara a 1623, ya sake gina shi da jan bulo daga 1631. Louis bai yarda a rushe shi ba. Daga 1668 Le Vau ya lulluɓe shi da sabon ginin farin dutse ta ɓangare uku, shi ya sa mai zuwa daga gari yake ganin bulo, mai tsayuwa a lambu kuma yake ganin dutse. Daga 1678 wani mai zanen ginin, Jules Hardouin-Mansart, ya ƙara dogayen ɓangarori biyu, kudu da arewa. Ranar 6 ga Mayu 1682 fada da gwamnati suka tare, aiki bai ma ƙare ba. Wani bafade da ke rubuta abubuwan yau da kullum ya ƙiyasta ma'aikata 36,000 a 1685, kuma cocin fadar sai 1710 aka gama shi.

Tambaya: Sana'ata aikin famfo ce. Na ga bidiyon maɓuɓɓugan adon lambun Versailles suna feshi sama. Babu lantarki, babu injin mai a wancan zamani, da me suke tura ruwan?

Amsa: Malam, ka taɓo inda fadar ta fi rauni. Wurin fadama ne, ruwan kwance ya yi yawa, mai gudu kuwa babu. Ba kogi kusa, ga shi fadar tana kan tudu, sama da mita 100 bisa kogin Seine.

Ƙa'idar ka san ta. Babu abin da ke tura ruwan sai nauyinsa. A tara shi a tafki mai tsayi, a saukar da shi ta bututu, ya fito ta siririn baki. Tsayin feshin ba ya wuce tazarar da ke tsakanin saman tafkin da bakin bututun, kuma gogayya cikin bututu tana cin wani kaso. Duk wahalar ita ce kai ruwan can sama.

Da farko daga tafkin Clagny da ke kusa aka riƙa ɗagowa, da famfunan da dawakai ke juyawa da kuma injinan iska. Bai isa ba. Sai aka haƙa magudanu da tafkuna a tudun Trappes da Saclay don tare ruwan sama, aka kawo shi ta gadar ruwa ta Buc. Wannan shi ne aikin da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi kowanne amfanar fadar, domin babu abin da ke motsi a cikinsa balle ya lalace.

Wanda ya yi suna shi ne injin Marly, da aka gina a Bougival daga 1681 zuwa 1684, aikin Arnold de Ville da Rennequin Sualem, mutanen yankin Liège. An datse wani reshen Seine, aka kafa ƙafafun katako 14, faɗin kowace kusan mita 12, ruwan kogi na juya su, su kuma suna motsa famfuna sama da 200. Tudun da za a hau kimanin mita 162 ne. Ka san kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ƙara matsi kusan "bar" ɗaya a ma'aunin matsi, ke nan a gindin tudun matsin zai kai "bar" 16. Bututu da fatar da ake liƙe famfo da ita a lokacin ba za su jure ba. Sai aka raba hawan gida uku, kowanne tsakanin mita 48 zuwa 57: famfunan bakin kogi su kai ruwa tanki na farko, wasu su ɗauka daga nan zuwa na biyu, na ƙarshe su kai shi kan gadar ruwa ta Louveciennes, kamar yadda leburori ke miƙa wa juna kwanon siminti daga bene zuwa bene.

Matsalar ita ce famfunan tsakiyar tudu ba su da kogin da zai juya su. Dole aka ja ƙarfin daga ƙasa da dogayen sandunan ƙarfe da aka harhaɗa, suna kai da komo a kan madogaran katako, ɗaruruwan mitoci. Kowace mahaɗa tana cin ƙarfi, tana goguwa, tana iya tsinkewa. Katako yana ruɓewa a ruwa, fata tana tsagewa, ambaliya ko ƙanƙara ko ƙarancin ruwa suna tsayar da ƙafafun. Mutum kusan 60 ne ke gyara ba dare ba rana, ƙarar kuma ana jin ta daga nesa. Abin da yake kawowa bai wuce 'yan dubban kubik mita a rana ba, yana raguwa da tsufa, kuma mafi yawansa lambun Marly, wata fadar sarkin da ke kusa, shi ya shanye. An rushe shi a 1817.

Yunƙuri na ƙarshe shi ne karkato kogin Eure ta magudanar kilomita 80, aikin da aka fara a 1685 ƙarƙashin injiniyan soja Vauban, da mutum kusan 30,000, akasarinsu sojoji. A kwarin Maintenon sai an yi gadar ruwa mai hawa uku. Zazzaɓi ya kashe ma'aikata da yawa, yaƙi ya ɓarke a 1688, aka kwashe sojojin. Hawa na farko kaɗai aka gina, kuma ko ɗigo bai taɓa bi ta kai ba.

Da ruwa ya ƙi isa, sai aka koma dabara. Idan sarki ya fito yawo, masu kula da ruwa sukan yi wa juna usur: a buɗe maɓuɓɓugar da zai isa, a rufe wadda ya bari a baya. Ruwan da ya fito a na sama shi ake tarawa ya ciyar da na ƙasa, har ya ƙare a babbar magudanar lambun. A yau famfunan lantarki ke mayar da shi sama, amma bututun kusan kilomita 35 ne, da yawansu na ainihi: na ƙarfen zubi guntu-guntu da ake ɗaurewa da noti, da na dalma da har yanzu ake liƙewa da narkakkiyar dalma a ludayi. Da hannu ake buɗe makunnan, da dogon makulli, kuma a hankali, don bugun ruwa na farat ɗaya yana fasa tsohon bututu. Kafin hunturu ana zuƙe ruwan, gudun kada ya daskare ya tsaga ƙarfen.

Tambaya: Me ya sa ake zuzuta Zauren Madubai na Versailles? Madubi ai ba abin mamaki ba ne.

Amsa: A ƙarni na 17 abin mamaki ne. Venice ce kaɗai ta iya yin madubi mai kyau, kuma ta hana masu sana'ar fita da sirrin. Minista Colbert ya kafa masana'antar madubi ta sarki a 1665, wadda ta zama kamfanin Saint-Gobain na yau, ya zawarto wasu gwanaye daga Venice a ɓoye. Zauren da Mansart ya gina daga 1678 zuwa 1684 shela ce cewa Faransa ta iya da kanta. Tsawonsa mita 73, da tagogi 17 masu kallon lambu, daura da kowace taga akwai baka mai madubi 21, jimilla 357.

Dalilin da ya sa aka jera su ƙanana shi ne yadda ake yin su. Ana narka yashi da kanwar gilashi da farar ƙasa, mai busa ya hura gilashin ya zama doguwar kwalba, a yanke kai da gindi, a tsaga ta a tsaye, a mayar wuta ta buɗe ta kwanta. Girmanta ba ya wuce abin da huhu da hannun mutum ɗaya za su iya. Sai a bar ta ta huce a hankali, domin in ta huce da sauri tsagewa take yi. A goge da yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a ƙarasa da jan gari har ta yi sheƙi. Daga nan a shimfiɗa siririn fallen kuza a kan teburin dutse, a zuba zaiba a kai, a zuro gilashin daga gefe don kada iska ko ƙura ta maƙale, a danne da nauyi, a riƙa karkata teburin kaɗan-kaɗan na makonni har rarar zaibar ta tsiyaye. Ƙura ɗaya tak tana barin tabo. Tururin zaiba kuma ya nakasa ma'aikata da yawa, da karkarwar hannu da zubewar haƙora, kuma ya kamata mai kallon zauren ya san da su.

Kayan da aka fara ƙawata zauren da su na azurfa ne zalla, tebura da kujeru da tukwanen bishiyar lemu. A 1689 sarki ya sa aka narkar da su, kimanin tan 20, don biyan kuɗin yaƙi. Abin da aka samu bai kai rabin abin da aka kashe ba, domin tsadarsu a aikin hannu take, wuta kuwa nauyi kawai ta bari.

Tambaya: An ce har tashin sarki daga barci sai an taru ana kallo. Mene ne amfanin haka? Kuma zama a fadar yana da daɗi kuwa?

Amsa: Hanyar mulki ce. Daga 1701 ɗakin barcin Louis na 14 yana tsakiyar ginin, yana fuskantar gabas. Wajen ƙarfe takwas da rabi ake tashinsa. Likitoci su fara shiga, sai iyalinsa da manyan ma'aikatan ɗaki, sannan rukuni-rukuni bisa daraja, har ɗakin ya cika. Miƙa masa riga haƙƙin mafi girman daraja ne a cikin waɗanda ke wurin. Ƙarfe goma coci, sha ɗaya majalisa, ƙarfe ɗaya abinci, da rana farauta ko yawon lambu, ƙarfe goma na dare cin abinci a bainar jama'a. Wajen kwanciya sarki kan zaɓi mutum ɗaya ya riƙe masa kyandir, kuma washegari kowa ya san wanda ke da fada.

Muƙami da fansho da auren gata duk daga bakin sarki suke fitowa, kuma ba ya ba wanda ba ya gani. Mai sarautar da a da yake zaune a ƙasarsa da dakarunsa, yanzu yana tsaye a zaure yana jiran a kalle shi, kuɗinsa na ƙarewa a tufafi da caca, bashi na ƙara ɗaure shi ga sarki. Fadar Marly, da aka fara a 1679, ta ƙara wa abin ƙarfi: gidan sarki a tsakiya da ƙananan gidaje 12, babu mai zuwa sai wanda aka rubuta sunansa. Bayan Fronde manyan masu sarauta ba su sake yi wa Louis babban tawaye ba. Illar ita ce sun yanke da ƙasashensu da talakawansu, fadar ma ta daina jin abin da Faris ke ciki.

Daɗi kuwa sai a hankali. Yawancin fadawa a ƙananan ɗakuna suke, wasu a ƙarƙashin rufi. Murhu a ɗaki mai dogon rufi hayaƙi yake bayarwa fiye da ɗumi, har matar ƙanen sarki ta rubuta a 1695 cewa ruwa da giya sun daskare cikin kofuna a teburin sarki. Madafa tana wani gini dabam, sai an tsallaka titi da akusa cikin rakiyar dogarai, an ɗanɗana don gudun guba, kafin abinci ya iso ya huce. Bahaya kuwa kujera ce mai tukunya a ciki, barori na kwashewa.

Tambaya: Louis na 15 ɗan Louis na 14 ne ko jikansa?

Amsa: Tattaɓa-kunnensa ne. Louis na 14 ya yi shekara 72 a kan gado, ya binne magadansa. Babban ɗansa ya rasu da agana a Afrilun 1711. A Fabrairun 1712 ƙyanda ta kashe jikansa Duke na Burgundy da matarsa, kwana shida tsakani, a Maris kuma ta kashe babban ɗansu. Likitocin lokacin tsaga jijiya suke yi su zubar da jinin majiyyaci, abin da ke ƙara raunana yaro mai zazzaɓi. Mai renon ƙaramin, Madame de Ventadour, ta kulle ƙofa ta hana su taɓa shi, ya rayu. Shi ya hau a Satumban 1715 yana da shekara 5. Mai riƙon ƙwarya, Philippe na Orléans, ya mayar da fada Faris, sai 1722 aka dawo Versailles. Louis na 15 bai son zaman bainar jama'a, shi ya sa ya yi wa kansa ƙananan ɗakuna a ciki, ya kuma gina ƙaramar fadar Petit Trianon a cikin lambu daga 1762 zuwa 1768. Shi ma jikansa ne ya gaje shi a 1774, wato Louis na 16.

Tambaya: Yaya aka yi Bourbon suka zama sarakunan Sifaniya, kuma su ma sun yi irin Versailles?

Amsa: Sarki Carlos na 2 na gidan Habsburg ya rasu a Nuwamban 1700 ba ɗa, ya bar wasiyya ga Philippe, jikan Louis na 14, wanda ya zama Felipe na 5. Ingila da Holan da Ostiriya suka ƙi yarda gida ɗaya ya haɗa ƙasashen biyu, aka gwabza har 1714. A yarjejeniyar Utrecht ta 1713 aka bar masa Sifaniya bisa sharaɗin ya sarayar da gadon Faransa, shi da zuriyarsa, kuma a nan Birtaniya ta samu Gibraltar.

Felipe a Versailles aka haife shi, kuma daga 1721 ya gina fadar La Granja kusa da Segovia. Mai tambayar famfo ya lura da wannan: a gindin duwatsun Guadarrama aka kafa ta, ƙoramu na cika wani babban tafki da ke saman lambun, ruwa na gangarowa da kansa. Babu famfo ko ɗaya, amma maɓuɓɓugar da ake kira La Fama tana feshi sama da mita 40. Zaɓen wuri ya yi abin da injin Marly ya kasa.

Tsohuwar fadar Madrid ta kama wuta a daren jajibirin Kirsimetin 1734, ɗaruruwan zane-zane suka ƙone, rufin katako ne ya ba wutar abinci. Sabuwar da aka fara a 1738 da dutse da bulo aka yi rufinta, aka kauce wa katako. Tana da ɗaki 3,418, kuma Carlos na 3 ne ya fara shiga a 1764. Sarakunan Sifaniya ba su zauna wuri ɗaya ba, zagaye suke yi a shekara: El Pardo a farkonta, sai Aranjuez, sai La Granja lokacin zafi, sai El Escorial. Kafin ya dawo Sifaniya, Carlos ɗin nan ya yi sarautar Naples, inda ya sa Luigi Vanvitelli ya fara fadar Caserta a 1752, mai ɗaki 1,200. An kawo mata ruwa daga kilomita 38, ta kan gada mai hawa uku, tsayinta kusan mita 56, irin wadda ta gagara a Maintenon. Carlos ya bar Naples a 1759 bai taɓa kwana a cikinta ba. Sarkin da ya zauna fadar Madrid na ƙarshe shi ne Alfonso na 13, wanda ya bar ƙasar a 1931. An dawo da sarauta a 1975, kuma Felipe na 6, da ya hau a 2014, a harabar Zarzuela yake zaune, babbar fadar ta zama ta bukukuwan gwamnati.

Tambaya: Bayan juyin juya hali me ya sami fadojin Faransa? Kayan da ke Versailles yanzu na ainihi ne? Kuma akwai sauran masu neman gadon?

Amsa: Ranar 5 ga Oktoba 1789 dubban matan Faris suka taka zuwa Versailles cikin ruwan sama saboda tsadar burodi. Washegari da asuba jama'a suka kutsa, aka kashe dogarai biyu, Sarauniya Marie Antoinette ta tsere ta wata ɓoyayyiyar ƙofa da ke gefen gadonta. A ranar aka tafi da iyalin sarki zuwa Tuileries, kuma babu sarkin da ya sake zama a Versailles. An soke sarauta a Satumban 1792, aka fille kan Louis na 16 ranar 21 ga Janairu 1793, sarauniya a Oktoba, ɗansu ya mutu a kurkuku a 1795 yana da shekara 10.

Zane-zane an kai su Louvre. Kayan ɗaki kuwa an yi gwanjonsu shekara guda cur, daga Agustan 1793, kashi kusan 17,000, shi ya sa da yawa suke Birtaniya da Amurka a yau. Abin da ke fadar yanzu gauraye ne: wasu na ainihi da aka sayo ko aka dawo da su, wasu na zamanin amma daga wasu gidaje, yadin bango da labule kuma an sake saƙa su bisa tsohon zane. Ana gane na ainihi ne ta lambar da ma'ajin kayan sarki ya rubuta a jikin kowane abu, a gwada ta da rajistarsa, wadda ke faɗin ranar da aka kawo shi da ɗakin da aka sa shi.

Ƙannen Louis na 16 biyu sun yi sarauta daga 1814 zuwa 1830, a Tuileries. Sarki Louis-Philippe da ya biyo bayansu, na reshen Orléans, wato zuriyar ƙanen Louis na 14, ya mayar da Versailles gidan tarihi a 1837. Ya ceci ginin, amma ya rushe ɗakunan fadawa da yawa don yin manyan zaurukan zane, kuma wannan hasara ce da ba a iya maidowa. Marly an rushe ta a farkon ƙarni na 19, fadar Saint-Cloud ta ƙone a yaƙin 1870, Tuileries aka cinna mata wuta a Mayun 1871, aka share kangon a 1883. A Zauren Madubai aka ayyana daular Jamus ranar 18 ga Janairu 1871, a nan kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 28 ga Yuni 1919.

Dama ta ƙarshe ta zo wa Henri na Chambord, jikan Charles na 10, na biyun ƙannen nan na Louis na 16, a farkon shekarun 1870, lokacin da masu son sarauta suka fi yawa a majalisa. Ya ce ba zai hau ba sai an sauke tuta mai launi uku an dawo da farar tutar gidansu, majalisa ta ƙi, ya rasu a 1883 ba ɗa. Tun daga nan magoya baya suka rabu biyu. Masu cewa sarayarwar Utrecht tana nan daram suna bin reshen Orléans, wanda Jean na Orléans ke jagoranta. Masu cewa dokar Salic ba ta ba kowa ikon sarayar da gadon jini ba suna bin Louis Alphonse na Bourbon, daga zuriyar Felipe na 5. Wata doka ta 1886 ta hana shugabannin tsofaffin gidajen sarauta zama a Faransa, sai a 1950 aka soke ta.